Mashaya Goma Cikin Kwana Biyu

Greensboro,
Ranar Talata.

Ɗana Ishaku,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya gajiyar haɗa kaya? Allah ya ba ka lafiya, ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a masauki.

Na san za ka yi dariya. Daga ƙofar ɗakina zuwa taka taku biyar ne, amma ga Baba da takarda. To, akwai maganar da in na ɗauko ta da baki ba zan kai ƙarshenta ba. Da Hausa kuma na rubuta don ka karanta a hankali. In ka ga dama ka amsa da Turancinka, na saba.

Ranar Lahadi bayan mun dawo daga coci, wayar mamanka ta yi ƙara, tawa ma ta yi. Saƙonka ne. Abokanka ka so tura wa, ya faɗo guruf ɗin gida. Jerin mashaya goma da suka fi kyau a Asheville, na masu zuwa hutun ƙarshen mako. Kafin ka goge, mamanka ta riga ta karanta har ƙasa.

Ta ce, "Baban Ishaku, ka gani? Goma! Cikin kwana biyu!"

Na ce na gani.

"To, ba za ka ce komai ba?"

Na ce, "Zan ce. Ki dai bar ni in ce yadda na iya."

Ba hana ka zan yi ba. Shekararka ashirin da uku, ka gama makaranta, kana dawowa daga wannan tafiya za ka tare a Charlotte ka kama aiki. Daga nan ba mai tambayarka inda ka kwana. Abin da zan iya kawai shi ne in gaya maka abin da na sani, kuma a kan mashaya, abin kunya, na san fiye da wanda ya rubuta jerin nan. Kai ka tashi ba ka taɓa ganin kwalba a hannuna ba. Ba haka nake ba tun farko.

Da na zo ƙasar nan, aikina na farko a wani sito ne a bakin titin Wendover, muna loda kaya a manyan motoci. Oganmu wani baƙar fata ne ɗan nan garin, dattijo, yana da in'ina. A sanyina na farko ya ga hannuwana sun tsage, ya cire safar hannunsa ya miƙa mini. Duk Juma'a in an tashi aiki da yamma, ma'aikata kan tafi wata mashaya da ke bayan kantuna. Ranar da suka gayyace ni na ji kamar an ba ni takardar zama. A gida abin da na sani burkutu ne, a ƙwarya, lokacin girbi, a gaban manya da za su harare ka in ka ƙara. Barasar Bature ban san kanta ba. Amma da mai zubawa ta tambaye ni me zan sha, kunya ta hana ni in ce ban sani ba. Na nuna kofin na kusa da ni na ce irin wannan. Ga shi tun safe ban da biredi da shayi ba abin da ke cikina.

Kofi na uku na miƙe ina kwaikwayon maganar oganmu. Na iya kwaikwayo, ka sani. Mutane suka yi ta dariya, ni kuma na ƙara ƙaimi. Sai na ga dariyar tana mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na juya, ga shi tsaye a bayana da faranti a hannu. Ashe abinci ya sayo mini, don ya lura ban ci komai ba. Ya ajiye farantin a gabana ya fita.

Bai kore ni ba, bai rage mini awa ba. Na ba shi haƙuri ranar Litinin, ya ce ya wuce. Amma shekara huɗu na yi a ƙarƙashinsa bai sake kiran sunana da sakin fuska ba. Magana zarar bunu ce, ɗana.

Don haka ka ci abinci kafin ka sha komai, abinci mai nauyi, ba gyaɗa ba. Duk wurin da ba su da kicin, ka cire shi daga jerin. In ba ka san abin da ke cikin kofi ba ka tambaya, ba wanda ya taɓa mutuwa don ya ce bai sani ba. In kuma mutanen ofishinku na Charlotte suka ja ka fita, kofi ɗaya ya ishe ka har a tashi. Su za su manta abin da suka sha, amma ba za su manta abin da ka faɗa ba.

Yanzu bari in gaya maka mashayar da ta fi kowacce kyau da na taɓa shiga. An rufe ta tuni, shagon kayan ado ne a wurin yanzu. A wani lungu take kusa da titin Elm, ta wata tsohuwa da muke kira Mis Loreta. Manyan tagogi gare ta, kana ciki kana ganin masu wucewa, su ma suna ganinka. Tana soya kifi da garin masara, wanda har yau ban ci kamarsa ba. Kiɗan wurin ba ya hana ka jin abin da na kusa da kai ke faɗa. Ranar Asabar takan buɗe da hantsi saboda mu masu kallon ƙwallon Ingila.

Ni da Ankul Bulus muke zuwa. E, shi dai, wanda ke gyara maka mota, wanda ke zama a bencin baya a coci ba ya son magana. A lokacin ba haka yake ba. Shi ne mai kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙa, in ya yi dariya sai an juyo daga tsallaken titi. Garinmu ɗaya, tun muna yara a Pankshin muke tare. Ya fi ni sha nesa ba kusa ba, kuma kowa ya sani.

Mis Loreta tana ƙirga kofin kowa a ranta. In ka kai inda ta ga ya isa, sai ta ajiye maka ruwa da kifi, ko ka nema ko ba ka nema ba. Wata Asabar ƙungiyarmu ta ci wasa, na sha fiye da ƙima. Na ɗauki makullin mota daga kan tebur, ta ɗora hannunta a kai.

Ta ce, "Ba yau ba, Mista Yohanna."

Na ce, "Ke uwata ce?"

Ta ce, "A'a. Amma na ga hoton yaronka a wayarka. Zauna ka ci kifi."

Na zauna, amma raina ya ɓaci. Na ce wa Bulus an raina ni a gaban mutane. Mako na gaba na ja shi muka koma wani wuri a Wendover, mai duhu ko da rana tsaka, talabijin a kowane bango, inda in dai kana miƙa katin banki ba mai ce maka ya isa. Na ce ai nan ne ake girmama mutum.

Asabar ta uku da komawarmu can, kana da shekara shida, an gayyace ka bikin ranar haihuwar wani ɗan ajinku a Sedgefield, wani gida kusa da filin golf. Mamanka tana wurin aiki. Ni na kai ka da safe, ni zan ɗauko ka ƙarfe biyu. Daga mashayar na taso. Har ga Allah a raina garau nake. Saura layi biyu in kai gidan na ga fitilar ɗan sanda a madubi. Ya ce tun daga babban titi nake taka layi. Ya sa na hura cikin wata 'yar na'ura, ya duba, ya ce in juya baya. Da rana tsaka, masu yankan ciyawa suna kallo, aka sa mini ankwa. A kujerar baya ta motata ga 'yar kujerarka a ɗaure tana jira.

Anti Talatu, matar Bulus, ita ta je ta ɗauko ka. Mamanka kuma ta zo ta karɓe ni da yamma, da kayan aikinta a jiki.  Sai da muka tsaya a ƙofar gida ta kashe mota, sannan ta ce, "Da ɗan sandan nan ya makara da minti biyar, da Ishaku yana cikin motar." Ta fita ta bar ni a zaune. Ban taɓa jin wa'azin da ya shige ni kamar wannan ba.

Na tsaya gaban alƙali a cikin gari, aka karɓe lasina shekara guda. Ka tuna shekarar da Baba ke tafiya aiki a bas, kana tsayawa a taga kana ɗaga mini hannu? Mun ce maka idona ne ke ciwo, likita ya hana ni tuƙi. Ƙarya ce. Ni na roƙi mamanka ta faɗi haka, ita ba ta so ba. Wannan ma kuskure ne, kuma yau na gyara shi. Ka yafe mini.

Abin da nake so ka ɗauka daga nan: wurin da ya fi kyau shi ne inda akwai wanda zai iya ce maka ya isa. In mai zubawa ya hana ka ƙari, ka gode masa, ka ƙara masa tukuici. Wurin da ke tallan giya mai araha da manyan haruffa, wanda ba taga, wanda ba ka jin maganar abokinka sai ya yi ihu a kunnenka, ba don hira aka gina shi ba. Mota kuma ku bar ta a otal. Ku taka da ƙafa, ko ku kira mota a waya. Kada ka tambayi kanka ko za ka iya tuƙi, domin wanda kake tambaya ya riga ya sha.

Da a nan labarin ya tsaya, da da baki zan gaya maka. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na gaba.

Kama ni da aka yi ya tsorata Bulus fiye da yadda ya tsorata ni. Ya ce in har ni mai ɗan sha aka sa wa ankwa, shi ina ga shi? Ya daina ɗungurungum. Ya sha wuya, ya rame, hannunsa na rawa wata da watanni, amma ya tsaya. Shekara biyu bai taɓa ba. Ya buɗe ɗan garejinsa, Talatu ta fara dariya a coci. Ni kuwa ban daina ba. Na rage, na daina tuƙi in na sha, ba na kawowa gida, sai nake ganin ni gwani ne, na san iyakata. A can ƙasan raina ma haushin Bulus nake ji. In muna zaune yana shan lemo sai in ji kamar hukunci yake yi mini, alhali bawan Allah bai taɓa ce mini komai ba.

Wata kaka na ce masa mu je Asheville mu huta kwana biyu, mu ga duwatsu, an ce sun yi kama da na gida. Matanmu suka yarda. Talatu ta raka mu har mota, ta ce mini, "Baban Ishaku, amana na ba ka." Na ce haba, ai ɗan'uwana ne. Ban gaya mata cewa a aljihuna akwai takarda da sunayen mashaya ba, irin taka, na kwafo daga wata jarida.

Garin yana da kyau, ba zan ɓoye maka ba. Ganye ya yi ja da ruwan ɗorawa, iska mai sanyi, duwatsu shuɗi-shuɗi har iyakar gani. Bulus ya tsaya a bakin hanya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yohanna, wannan ai hanyar Shendam ce." Mun shiga wuri na farko da azahar, inda suke dafa giyarsu da kansu, ga tebura a waje, ga mutane da 'ya'yansu da karnukansu. Ya sha lemon citta. Wuri na biyu ma haka. Yana ta ba ni labarin injin da yake son saya.

A wuri na uku, rana ta fara yin sanyi, ni na fara ɗumi. Na je na sayo kofi biyu, na ajiye ɗaya a gabansa.

Ya ce, "Na wane ne?"

Na ce, "Naka. Kai fasto ne? Mun yi tafiyar awa uku don ka sha lemo? Ɗaya kawai. Ba Talatu a nan, ba kowa."

Ya ture shi gefe. Na mayar. Na ce shekara biyu ai ya nuna ya fi ƙarfinta, namiji ne shi ko kuwa? Na tuno masa da ƙuruciya, na yi masa waƙar da muke yi a gida lokacin girbi. Ya daɗe yana kallon kofin.

Ya ce, "Yohanna, ka san abin da kake yi kuwa?"

Na yi dariya. Ya ɗauka.

Ni washegari na tashi da ciwon kai na sha magani, shi ke nan. Shi kuwa bai tsaya a kofi ɗaya ba. Muna dawowa Greensboro ranar Lahadi ya ce in sauke shi a wani kanti zai sayi abu. Kafin shekara ta zagayo garejin ya rufe, ya ajiye jita. Talatu ta yi haƙuri iyakar haƙuri, daga baya ta kwashe yaran ta koma wajen yayarta a Maryland. Ranar da za su tafi na je taya su loda kaya. Ba ta zage ni ba. Ta dai karɓe akwatin da na ɗauka daga hannuna, ta ce, "Bar shi, mun gode." Tun daga ranar ban sake sa giya a bakina ba.

Shekara uku ina bin sa. Wata rana ya buɗe mini ƙofa, wata rana ya ƙi. Da ya yarda, duk Talata da yamma nakan kai shi taron masu fama da giya a ɗakin ƙasa na wata coci, in zauna a mota in jira. Allah ya taimake shi ya sake tsayawa, kuma har yau yana tsaye. Amma Talatu ba ta dawo ba. Yaran sun girma ba a gabansa ba. Ranar auren babbar 'yarsa, kawunta ne ya riƙe hannunta zuwa gaban fasto, Bulus yana zaune cikin baƙi, ni ina gefensa.

A hanyarmu ta dawowa daga bikin nan ne na iya buɗe baki na roƙe shi gafara sosai. Sai da muka wuce gari biyu tukuna. Sannan ya ce, "Na yafe tun tuni. Hannuna ne ya ɗauka, ba naka ba. Amma kai ka ajiye shi a gabana, Yohanna. Kowa ya riƙe nasa." Haka muke riƙe da shi har yau.

Ku huɗu za ku tafi, kuma na san Mubarak ɗan gidan Alhaji Sani yana ciki. Ba ya sha, addininsa ya hana, kuma yaron yana riƙe da abinsa. Kada ka bari kowa ya tsokane shi, ko da wasa. Kada ku mai da shi direba kawai, ya zauna a gefe yana jiran ku gama. Ku zaɓi wuraren da shi ma zai ci ya ƙoshi ya yi hira, in lokacin sallarsa ya yi ku jira shi. Ba shi kaɗai ba. Duk inda ka je a rayuwa, in mutum ya ce ba ya sha, kada ka tambaye shi dalili, kada ka ce ɗaya kawai. Ba ka san dutsen da ya hau kafin ya iya faɗin kalmar nan ba. In kuma kai ne wata rana ka ji ba ka so, ka ce a'a sau ɗaya ka yi shiru. Abokin da ya matsa maka bayan haka, ko da tun yarinta kuke tare, ka tashi daga teburinsa.

Jerin naka kuwa na karanta shi, mamanka ta riga ta ɗauki hotonsa. Goma ba hutu ba ne, aiki ne. Mai bin goma ba ya tuna ko ɗaya. Ku zaɓi biyu, in ya yi yawa uku. Na ga akwai wanda ke saman bene ana hango duwatsu, suna da abinci. Ku je nan kafin rana ta faɗi, ku zauna ku daɗe. Na ga mai lambu a bakin kogi, inda ake gasa nama. Wannan ma ya yi. Na ƙarƙashin ƙasa da aka ce sai an san kalmar sirri ake shiga, ni dai ban ga abin sha'awa ba a wurin da ke ɓoye ƙofarsa. Ku huɗu kuka shiga, ku huɗu ku fito, kada a bar kowa a baya don ya ce zai biyo ku. Kada ka bar kofinka a tebur ka dawo ka sha. In rigima ta tashi, ko ba da kai ake ba, ka kama hanyar ƙofa. Ka san launin fatarka, ka san ƙasar da kake. Ranar Lahadi kuma ka tashi da kai garau, ku hau dutse da safe. Ni na je garin nan na dawo, duwatsun ta gilashin mota kawai na gan su.

In wani abu ya faru, kowane iri ne, ni za ka fara kira. Zan taso, kuma ba zan yi maka tambaya ba sai ka ci abinci ka yi barci. Wannan alkawari ne, ba na Asheville kaɗai ba, har Charlotte da duk inda aiki zai kai ka.

Jiya na je wurin Bulus da wannan takarda, domin labarin nasa ne, ba ni da ikon ba da shi sai da izininsa. Na same shi a ƙarƙashin wata mota. Na tsuguna na karanta masa daga farkon zancensa har ƙarshe, ƙafafunsa kawai nake gani.  Da na gama na ce in bai so ba, zan yage wannan shafi.

Ya ce, "Kada ka cire komai. Ka bar shi ya sani."

Can kuma ya turo kansa waje, yana goge ido da bayan hannu, duk baƙin mai a fuska. Ya ce, "Ka ce wa yaron ya kawo motar ranar Alhamis in duba birki. Hanyar nan gangara gare ta."

Ka kai masa da safe. In ya yi shiru, kai ma ka yi shiru, ka miƙa masa sifana.

Ubangiji ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, kai da abokanka duka. Ya tsare bakinka da hannunka, ya haɗa ka da mutanen kirki a sabon gari, ya sa albarka a aikinka. Mamanka tana gaishe ka, ta ce a gaya maka ita har yanzu ba ta yarda da ko ɗaya daga cikin goman ba, kuma ta yi maka dambun nama na hanya.

Ni ne mahaifinka,
Yohanna.